Goɗiyar da Na Ce Tana Harbi

Wata huɗu na yi ina zama a kan kifaffen bokiti a cikin shinge na goma sha ɗaya, na juya wa goɗiyar baya, ina jiran ranar da za ta matso ta shinshina ni. Haka aka koya mana a jami'a a birnin Reno: dokin daji ba a kallonsa ido cikin ido, ba a tunkararsa gaba-gaɗi, sai dai a zauna a yi kamar ba a damu da shi ba, har ya gaji ya zo da kansa. Kullum da tsakar rana, idan ma'aikata sun watse cin abinci, sai in ɗauki burodina in shiga. A wata na biyu ta fara cin ingirici taku biyar daga inda nake. A wata na huɗu na ji numfashinta a ƙeyata sau ɗaya. Na koma ofis, ban gaya wa kowa ba.

Aikina a zangon dawakin gwamnati shi ne rajista. Ni ke rubuta lambar kowane doki, da shekarunsa, da launinsa, da ranar da aka yi masa allura. An gina wurin don dawaki dubu da ɗari biyu, muna da dubu da ɗari takwas. Kowace shekara jirgi mai saukar ungulu yana koro su daga duwatsu, domin fari ya ƙone ciyawa, maɓuɓɓugai sun ƙafe, masu shanu kuma ba sa gajiya da kai ƙara. Akwai kuma abin da kowa ya sani amma ba a rubutawa. Mutumin da ciyar da doki ya fi ƙarfinsa yakan ɗora shi a tirela, ya tuƙa har bakin daji, ya buɗe ƙofa, ya juya. Wasu garken daji yakan karɓe su. Wasu sukan tsaya a gefen hanya suna jiran motar ta dawo.

Ita a watan Maris aka kawo ta, cikin dawaki ɗari tara da aka sauke mana a kwana uku. Likita ya buɗe bakinta ya ce shekara tara, aka ɗaura mata lamba 4017, aka buga mata tambarin gwamnati a gefen wuya, aka wuce zuwa na gaba. Baƙa ce wuluk. Da yake ta yanke a ƙafa wajen kora, sauran goɗiyoyin kuma suna hana ta abinci, sai aka ware ta ita kaɗai. A nan na ga abin da likita bai samu sukunin gani ba: tabo biyu na farin gashi, kowanne bai fi kwabo ba, dama da hagu a doronta. Sirdi ne ke barin wannan. Wani ya taɓa hawanta shekara da shekaru.

Ban rubuta ba. Dokar da ke kare dokin daji ba ta san dokin gida ba. Da na faɗa, da an miƙa ta ga jami'in dabbobi na jiha, ya ajiye ta 'yan kwanaki, in mai ita bai zo ba a kai ta kasuwar dabbobi a ɗora a sikeli, a sayar don nama. Na ja bakina na yi shiru, wanda da ma shi na fi iyawa. A zuciyata na sa mata suna Hankaka, don takan karkata kai ta dubi mutum da ido ɗaya. Na san an taɓa hawanta, amma na ɗauka daji da ƙarar jirgi sun shafe wannan duka, sai an faro daga fari. Shi ya sa bokitin.

Ɗaukarta kuwa ba zan iya ba. Mai son karɓar dokin gwamnati sai ya nuna shinge mai tsayin ƙafa shida da rumfa da ruwa. Ni ɗaki ɗaya nake haya a saman shagon wanki.

Doki sau uku ake fitar da shi ranar masu karɓa. In ya fita sau uku ba wanda ya ɗauka, sai in buga masa alama ta uku a rajista, ya koma na sayarwa ga duk wanda ya zo. Mai saye yakan sa hannu cewa ba zai kai shi mahauta ba. Akwai wani mutum, Coy Rusk, mai doguwar tirela, da ke zuwa da yamma bayan kowane taro, ya sa hannu ba tare da ya karanta ba. Ban taɓa ganin ya dubi fuskar doki ba. Daga baya yake zagayowa, ya tsaya yana auna cinya da ido.

Fitarta ta farko a watan Mayu ce. Mutane sun yi ta rububin 'yan dukushi da masu roɗi-roɗi, ba wanda ya waiwayi baƙar goɗiya mai shekara tara. Na ji daɗi, ban ma ɓoye wa kaina ba.

Ta biyu a watan Yuli. Wata dattijuwa ta zo daga garin Winnemucca, Madam Glenda Pruitt, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, dokinta na shekara ashirin da shida ya mutu da bazara. Ta tsaya a shinge na goma sha ɗaya kusan rabin awa, ta ɗora haɓa a kan ƙarfe. Na ga Hankaka ta karkata kai tana dubanta, har ta ɗaga ƙafa ɗaya kamar za ta tako. Ni sai da na yi sati shida kafin ta yi mini haka. Matar ta juyo ta ga takardu a hannuna, ta ce, "'Yata, wannan fa, ya halinta?"

Na ce, "Tana harbi."

Ban shirya faɗa ba, fitowa kawai ta yi. Matar ta taɓa ƙugunta, ta ce an yi mata aiki a nan bara, ba za ta iya da mai harbi ba. Ta rubuta suna da lambar waya a takardar baƙi, ta tafi hannu biyu. Da yamma na buga wa 4017 alama ta biyu da hannuna, na kuma gaya wa kaina cewa ai matar ta tsufa, da ma ba za ta iya riƙe ta ba.

Sai ga Yaya Maite a watan Agusta.

'Yar Kawu Beltran ce, yayan mahaifiyata, ta girme ni da shekara uku. Mahaifiyata ta bar gonar gidansu ta auri mutumin gari, ita kuwa Maite a kan doki ta yi wayo. Duk hutun makaranta da aka kai ni can, ni ce mai riƙe ƙofar shinge, ita ce mai wucewa a sukwane. Kakarmu takan yanka burodin makiyaya ta miƙa mata ɓawon gefe, wanda mu duka muke so, ta ce mai aiki ke cin ɓawo. In Maite ta shiga ɗaki sai kowa ya gyara zama yana murmushi tun kafin ta yi magana. Ni sai na yi gyaran murya sau biyu a san na shigo. Da na samu digiri a kan kiwon dabbobi na zaci na sami abu ɗaya da ba ta da shi. Ita kuwa ta mayar da shi suna, ba ta ƙara kirana Leire ba, sai Farfesa.

A shekarar Kawu ya sami kwangilar kawo mana ingirici, direbansa ya karye a hannu, ita ta karɓi motar. Ranar ina kan bokitina na ji muryarta a bayana.

"Farfesa, horo aka ba ki? Wa kika yi wa laifi?"

Na ɗaga hannu a hankali na yi mata alamar ta yi shiru. Na raɗa mata cewa dokin daji ne, wata huɗu ke nan ina saba mata da ni. Ta ɗan tsaya tana kallo, tana tauna tsinken ciyawa. Sai ta zare ragama daga ƙugiyar ƙofa, ta rataya a kafaɗa, ta buɗe, ta wuce ni. Takawa take kamar mai zuwa ɗauko tukunya a kicin, tana surutu da ƙarfi.

"Ke tsohuwa, zo nan. Wa kike yi wa yanga? Zo in ga fuskar nan."

Na miƙe don in ja ta baya. Hankaka ta ɗaga kai, kunnuwanta biyu suka miƙe gaba. Ta yi wani ƙaramin gunji a maƙogwaro wanda ban taɓa ji ba. Ta tako, ta sunkuyar da kai, ta tura hancinta cikin ragamar da kanta. Maite ta ɗaure, ta shafa wuyanta, ta gangara da hannu har gwiwa, ta yi tsaki sau biyu. Goɗiyar ta ɗaga mata kofato. Bayan nan ta jingina goshinta a ƙirjin Maite ta sauke dogon numfashi, irin na wanda ya daɗe a tsaye a tasha.

Maite ta waiwayo tana dariya. Ta ce wannan ai ba dokin daji ba ce, matar gida ce, an yi mata tarbiyya fiye da mu biyun. Ta ce wata huɗu baiwar Allah tana jiran wani ya zo ya gaya mata abin da za ta yi, ni kuma na zauna na juya mata baya kamar mai gaba da ita. Wataƙila ma ta ɗauka hukunci ake yi mata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na riga ta sani. Ni na fara ganin tabon, ni na ɓoye shi, ni na ci burodi a cikin ƙura wata huɗu, amma goshin a ƙirjinta yake.

Baba Orval, shugaban masu kula da shingaye, yana tsaye a bayanmu da kofin kofi, ban san tun yaushe ba. Shekararsa talatin a wurin. Na ce a raina shi ke nan, gobe jami'in jiha zai zo. Maite ta nuna masa tabon da yatsa, ta ce ya gani? Ya kurɓi kofi, ya ce shi idonsa ya yi rauni. Abin da yake iya gani kawai shi ne tambarin gwamnati a wuyanta, gwamnati kuma ba ta kuskure, in ta ce dokin daji ne to dokin daji ne. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Saura mata fita nawa, yarinya?"

Na ce ɗaya. Ya gyaɗa kai ya tafi.

Daga ranar Maite ta mayar da shinge na goma sha ɗaya wurin hutunta. Talata da Juma'a take kawo kaya, in an gama saukewa sai ta shiga. A zuwa na uku ta haye bayanta ba sirdi, da igiyar ragama kawai, suka zagaya shingen, goɗiyar na juyawa da matsin gwiwa. Ma'aikata suka jeru a kan ƙarfe suna tafi. Hankaka ta koyi ƙarar motar. Tun tana kan kwalta, kafin ta karyo kwanar zango, sai in ji haniniya daga ofis. Nakan ci gaba da buga lambobi, in buga ɗaya sau biyu, in goge.

Na daina shiga da bokiti. Sau ɗaya na gwada yin yadda Maite ke yi, bayan na tabbata ba kowa. Na ɗauki ragama na nufe ta, amma a taku na huɗu ƙafata ta rage sauri da kanta, kafaɗata ta karkace yadda aka koya mana. Na ce "zo nan" da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Ta dube ni da ido ɗaya, ta juya ta koma kusurwa.

Fita ta uku Asabar ta biyu ce a watan Satumba. Na sa a raina cewa Maite za ta ɗauke ta. Na tsani tunanin, ina hango kaina na je gonar Kawu ranar biki, ina riƙe ƙofar shinge, su biyu suna wucewa. Amma dai za ta rayu. Saura kwana takwas na daure na tambaye ta, tana zaune a bayan mota tana cin naman rago da burodi daga takarda.

Ta ce ta riga ta yi wa Kawu magana sau biyu. Ya ce dokin gwamnati ba zai taka masa ƙofa ba. Su ne suka cinye masa makiyaya har aka rage masa yawan shanun da zai saka a filin gwamnati, yanzu ruwa ma da tanka yake kai wa dabbobinsa, nasa dawakin bakwai yana neman wanda zai karɓi uku kyauta ya rasa. Da ta ce masa ai wannan ta gida ce, ya ce to mai ita ya zo ya ɗauka.

Kunya nake ji in faɗa, amma abin da na fara ji daɗi ne. Ashe akwai abin da Maite za ta nema a hana ta. Daɗin bai kai minti ɗaya ba na tuna da Coy Rusk.

Ta lashe yatsa, ta ce abin da ke ba ta mamaki shi ne yadda goɗiya irin wannan ta fita sau biyu ba wanda ya ko taya. Ta ce mutane makafi ne. Na dubi takalmina. Maite ba ta yi boko mai zurfi ba, amma ta san ni tun ina tsoron kaji.

"Farfesa. Me kika yi?"

Na gaya mata. Na zaci za ta yi mini dariya ko ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ta naɗe takardar naman a hankali ta cusa a aljihu.

"Don kada wata ta samu, gara a kai ta mahautar kudu a rataye?"

Na ce ban yi tunanin haka ba a lokacin.

"Ai na sani. Ku masu digiri sai an gama kuke tunani." Ta sauko daga motar. "Kina da lambar matar?"

Na ce ina da ita. Na roƙe ta ta kira, tunda ita ta iya magana da mutane, ta kuma nuna goɗiyar ranar Asabar, tunda ita take bi. Ta ce a'a. Ta ce bakin da ya ce tana harbi shi zai ce ba ta harbi, in ba haka ba matar za ta ɗauka dillalai biyu ne suka haɗa baki. Ranar Asabar za ta zo, amma a kan ƙarfe za ta zauna kamar kowa.

Kwana biyar takardar baƙin tana kan teburina. Na hardace lambar ba da niyya ba. Duk lokacin da na ɗaga waya sai in hango matar a bayan gidanta da safe tana kiran goɗiyar da wani suna, goɗiyar na tahowa, sai in ajiye. Ranar Laraba Coy Rusk ya bugo ofis yana tambayar kai nawa za a samu a wannan karon, don ya san ko tirela ɗaya za ta isa. Ni na amsa. Da ya kashe, ban ajiye wayar ba, na danna lambar Winnemucca.

Na gabatar da kaina, na ce game da baƙar goɗiyar nan ce. Ta ce ta tuna, mai harbi.

Na ce, "Ba ta harbi, Madam. Ƙarya na yi miki."

Ina jin ƙarar rediyo a ɗakinta. Ta tambaye ni dalili. Na ce ina son ta ne, ba ni kuma da inda zan ajiye ta. Ta ce awa uku ta tuƙa ranar, da ƙugun da ke ciwo, ta koma da tirela ba komai, ta yi kuka a hanya. Yanzu kuma ta yaya za ta san ba wannan ce ƙaryar ba, tunda ga alama ina neman inda zan sauke kaya? Na ce sai dai ta zo ta gani. Ta ce akwai wani doki da maƙwabcinta ke son ba ta, ranar Lahadi za ta je dubawa. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ba ta kuma ce mini 'yata ba.

Ranar Asabar an buɗe ƙofa ƙarfe takwas. Dawaki sittin muka fitar, kafin azahar sha tara sun tafi, kusan duk 'yan dukushi. Mutum biyu sun tsaya a gaban 4017, suka karanta shekarunta a allo suka wuce. Ƙarfe huɗu ake rufewa. Ƙarfe uku doguwar tirelar ta shigo ta yi fakin a inuwar rumbun ingirici, Coy ya fito yana sakace, ya fara zagayensa ta baya. Maite na zaune a kan ƙarfen shinge na goma sha ɗaya tana kaɗa ƙafa. Hankaka na tsaye a ƙarƙashinta, ta ɗora haɓa a kan takalminta.

Uku da kwata wata tsohuwar mota ruwan toka ta shigo da ƙaramar tirela. Madam Glenda ta sauko da sanda. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta tsaya a inda ta tsaya a watan Yuli, ta ce, "To, ga ni. Nuna mini."

Na dubi Maite. Ta janye ƙafarta daga ƙarƙashin haɓar goɗiyar, ta ɗaga ido sama tana kallon girgije. Coy ya zo ya jingina a ɗaya gefen. Baba Orval ma ya taho da kofinsa. Ban taɓa tsayawa a gaban mutum huɗu lokaci ɗaya ba tare da takarda a hannuna ba.

Na ɗauki ragamar na buɗe ƙofa. A taku na huɗu na ji ƙafata tana neman ragewa. Na tuna yadda Maite ke tafiya, wadda na yi shekara ashirin ina kallo ina jin haushi, na san ta fiye da tawa. Na ari tafiyar. Na ari muryar ma.

"Ke tsohuwa, zo nan. Ba ni da lokaci."

Muryar ta fito da ƙarfi har ni kaina na firgita. Goɗiyar ta juyo. Ta dubi Maite tukuna, ta jira. Maite ba ta sauke ido daga girgijen ba. Sai ta taho, ba da sauri ba, ta sa hancinta a ragamar. Karo na farko ke nan da na taɓa ta. Gashinta ya ɗau zafin rana, fatar wuyanta ta yi rawa a ƙarƙashin tafina.

Na ja ta muka zagaya, na tsayar da ita, na mayar da ita baya. Madam Glenda ta ce duk wannan ta gani, amma ba da gaba doki ke harbi ba.

Na jefa igiyar a kan wuyanta. Na bi jikinta da hannu har ƙugu, na zagaya na tsaya daidai bayanta, cikina na taɓa jelarta, inda littafi ya ce ko dokin da aka haifa a hannunka kada ka tsaya masa. Na kama jelar na ɗaga, na sake. Na sunkuya na gangara da hannu a ƙafar baya ta hagu, na yi tsaki sau biyu. Ta ba ni kofaton. Na ɗora shi a cinyata na ƙirga goma, na ajiye, na ɗauki na dama. Tana can tana korar ƙuda da kunne.

Coy ya tofar da tsinken bakinsa, ya ce wa Baba Orval ashe yanzu har rawa ake koya musu, ya wuce shinge na gaba.

Madam Glenda ta jingina sandarta ta shigo. Ta miƙa bayan hannu, goɗiyar ta shinshina. Ta bi doronta da yatsu, ta tsaya a kan farin tabon, ta ɗago ta dubi Baba Orval. Ya ce shi fa idonsa ya yi rauni. Ta ce ita ma nata haka. Ta ce a kawo takardu.

Ni na cike su a kan murfin motarta. Da ta sa hannu ta tambayi ko tana da suna. Maite ta ce daga sama ita dai tsohuwa take ce mata. Matar ta ce tsohuwa ɗaya ta isa gida ɗaya, za ta nemo mata wani. Ta juyo gare ni tana jira. Na ce a rajista lamba kawai gare ta.

Na yanke igiyar lambar daga wuyanta, na ja ta zuwa tirela. Ta shiga ba gardama, kamar wadda ta daɗe a gefen hanya tana jiran motar ta dawo. Madam Glenda ta kulle ƙofa, ta ɗan tsaya, ta ce mini idan na bi ta Winnemucca ina iya tsayawa, amma in bugo tukuna. Ta faɗa ne tana duban makullin hannunta.

Motar ta tashi. Ina tsaye dab da tagar tirelar, har ina ganin idon nan ɗaya ta tsakanin ƙarafa. Sai Maite ta diro daga kan shinge, takalmanta suka bugi ƙasa. Goɗiyar ta juya kai ta wancan gefen ta yi haniniya, ta sake yi a bakin ƙofar zango, ta sake yi a kan kwalta.

Maite ta zo ta tsaya kusa da ni, ta share hanci da bayan hannu. Ta ce na yi ƙoƙari, sai dai tafiyar tata da na kwaikwaya ta yi kama da ta agwagwa, in ba da gaske haka take tafiya ba to in nemi gafara. Na ce haka take tafiya. Ta ce Kaka ta yi farfesun rago gobe, in zo, za ta bar mini ɓawon burodi. Na ce zan gani.

Dawaki talatin da takwas suka rage a ranar, tara daga cikinsu fitarsu ta uku ce. Coy na jirana a ƙofar ofis da hularsa a hannu. Na ce ya ba ni minti biyar. Na koma shinge na goma sha ɗaya na ɗauko bokitin, na ɗauraye shi, na mayar wa masu ba da ruwa. Lambar wuyanta kuwa tana aljihuna, ban mayar da ita cikin akwatin lambobi ba.